Waken Kalaba, Kwalbar Fiya-fiya da Ɗalibin Kemistiri

A garin Wudil, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, akwai jami'ar da gwamnatin Kano ta buɗe a 2001, wadda a 2022 aka mayar da sunanta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Duk shekara tana yaye ɗaliban kemistiri, kamar yadda Bayero da ABU suke yi. In ka tambayi ɗan ajin ƙarshe ina ya dosa bayan bautar ƙasa, galibi zai ce maka koyarwa, ko aikin duba ingancin kaya a wani kamfani a Bompai ko Sharaɗa, ko kuma digiri na biyu a kemistirin dai. Da wuya ka ji wanda zai ce binciken ƙwaƙwalwa ya sa a gaba. In ma ya faɗa, abokansa za su ce masa ai wannan gonar likitoci ce da 'yan anatomi, shi me ya kai shi?

Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Babban ɓangare na abin da aka sani yau game da yadda jijiyoyi ke isar da saƙo, masu gwajin sinadarai ne suka tono shi. Wani abin da ba a cika faɗa mana a aji ba kuma shi ne, mabuɗin da aka buɗe ƙofar da shi daga ƙasar nan aka ɗauke shi.

A tsohuwar Kalaba, mutanen Efik suna da wani wake mai launin ƙasa-ƙasa da suke kira esere. Ba na ci ba ne, na shari'a ne. In an zargi mutum da maita sai a daka waken a jiƙa a ba shi ya sha. In ya yi amai ya rayu, an wanke shi. In ya mutu, to laifinsa ya tabbata. Wasu masu tarihi suna cewa mai gaskiya yakan kwankwaɗe gaba ɗaya don ba ya tsoro, sai cikinsa ya murɗa ya amayar, shi kuwa mai tsoro yana kurɓa kaɗan-kaɗan har gubar ta ratsa shi. Ko ma yaya ne, mutane da yawa sun halaka a haka.

'Yan mishan na ƙasar Sikotilan da suka sauka Kalaba a 1846 su ne suka riƙa aika waken gida. A 1855 wani farfesan ilimin guba a Edinbura, Robert Christison, ya tauna wani yanki nasa don ya ji da jikinsa abin da yake yi. Jiri ya kwashe shi, bugun zuciyarsa ya raunana, da ƙyar ya tsira bayan ya sha ruwan sabulun askinsa ya yi amai. Bayansa sai Thomas Fraser, shi ma a Edinbura, ya lura cewa in an ɗiga ruwan waken a ido, ramin baƙin idon yana tsukewa. A 1864 wasu Jamusawa biyu masana sinadarai, Jobst da Hesse, suka ware ainihin sinadarin da ke aikin, suka sa masa suna fisostigimin. Wasu a Faransa suka kira shi eserin, daga sunansa na Efik. Kafin shekarun 1870 su ƙare har an fara maganin hawan jinin ido da shi. Amma duk wannan lokacin babu wanda ya san yadda yake yin abin da yake yi.

Dalili kuwa, ba a ma san yadda jijiya ke magana da tsoka ba. An san cewa saƙo yana gudu a cikin jijiya kamar wutar lantarki. An kuma fara gane cewa ƙwayoyin jijiya ba a haɗe suke ba, akwai ɗan rata tsakanin wannan da waccan (yau mun san faɗinsa bai wuce nanomita 20 zuwa 40 ba, wato in ka jera dubu irinsa ba su kai kaurin silin gashi ba). To yaya saƙon ke tsallake ratan? Wasu suka ce tartsatsin lantarki ne ke tsallakawa. Wasu suka ce a'a, jijiyar wani ruwa take fesowa. An daɗe ana wannan musu, har aka riƙa yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da 'yan tartsatsi da 'yan romo.

A 1921 Otto Loewi, malami a birnin Graz na Ostiriya, ya buga sakamakon wani gwaji mai sauƙin gaske. Shi da bakinsa ya ce a mafarki ya ga tsarin gwajin, ya farka ya rubuta a takarda, da safe ya kasa karanta rubutun nasa. Da mafarkin ya dawo a dare na biyu bai tsaya rubutu ba, ɗakin gwaji ya wuce. Ya ɗauki zuciyar kwaɗi biyu, kowace tana bugawa a cikin ruwan gishiri. Ya tsokani jijiyar da ke rage bugun ta farko, bugun ya ragu. Sai ya ɗebi ruwan da ta farkon ke ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba. Ita ma ta rage gudu. Ka ga ke nan wani abu jijiyar ta zuba a ruwan.

Sai dai gwajin yana da gardama. Wasu sun maimaita bai yi musu ba, saboda abin da jijiyar ke zubawa yana ɓacewa nan da nan. A nan waken Kalaba ya shigo. A 1926 Loewi da abokin aikinsa Navratil suka nuna cewa akwai wani enzayim a jiki da ke datse sinadarin da zarar ya gama isar da saƙo, kamar almakashi, kuma eserin almakashin nan yake riƙewa. In ka sa eserin, saƙon ba ya gogewa, sai ya taru har a iya auna shi. Sinadarin saƙon shi ne asetilkolin, wanda wani masanin kemistiri, Adolf von Baeyer, ya haɗa a ɗakin gwaji tun 1867 ba tare da ya san jikinsa ma yana yin sa ba. A Landan, Henry Dale da mutanensa suka ɗora daga nan. Wilhelm Feldberg, wanda aka kora daga Berlin a 1933 don shi Bayahude ne, ya zo musu da wata dabara: a yanko tsokar bayan matsattsaku, a jiƙa ta da eserin, sai ta zama ma'auni, ko ɗan mitsitsin asetilkolin ya taɓa ta sai ta motsa. Da wannan suka nuna cewa duk motsin da kake yi da hannu ko ƙafa, asetilkolin ne ya kai wa tsokar umarni. Loewi da Dale suka karɓi kyautar Nobel a 1936. Babban ɗan tartsatsi kuwa, John Eccles, sai a 1951 ya sauka daga ra'ayinsa, bayan gwajin da ya yi da hannunsa ya ƙaryata shi.

Yanzu an gane abin da ke kashe wanda ya sha esere. Saƙo ne ya ƙi yankewa: yawu na dalala, hanji na murɗawa, zuciya na rage gudu, tsokar numfashi ta gaji ta tsaya.

Akwai wani mutum da bai kamata a tsallake shi ba. Percy Julian baƙar fatan Amurka ne, jikan bayi daga Alabama, wanda sai da ya je Biyana ya samu digirin digirgir a 1931. A 1935, a wata ƙaramar jami'a mai suna DePauw, shi da abokinsa Josef Pikl suka haɗa fisostigimin tun daga tushe, ba tare da wake ba. Suna cikin aikin suka ga sakamakonsu ya saɓa da na Robert Robinson na Oxford, wanda a lokacin ana ganinsa kamar sarkin fannin. Julian ya buga cewa Robinson ne ya yi kuskure, kuma ma'aunin zafin narkewa ya ba shi gaskiya. Wannan awon zafin narkewar da ɗalibai ke yi a shekarar farko suna hamma, shi ne ya raba gardamar. Duk da haka jami'ar ta ƙi ba shi kujerar koyarwa ta dindindin saboda launin fatarsa.

Amma in ana neman wanda ya bi hanyar nan da ƙafarsa, daga teburin gwajin sinadarai zuwa ƙwaƙwalwa, a matsayin ɗalibin da ya makara, to Julius Axelrod ne. An haife shi a New York a 1912, mahaifinsa saƙar kwando yake yi. Ya gama digirin farko a 1933, ya nemi makarantun koyon likitanci duk suka ƙi ɗaukarsa. Sai ya kama aiki a wani ɗakin gwaji da ke auna yawan bitamin a abinci da madara, irin aikin duba ingancin kaya da ɗalibanmu ke nema a yau, kuma ya shekara 11 yana yinsa. A can kwalbar amoniya ta fashe ta tafi da idonsa na hagu. Da daddare yake zuwa makaranta, har ya samu digiri na biyu a kemistiri a 1941.

A 1946 aka kawo wa ɗakin gwajin nasu wata matsala: wani maganin ciwon kai mai suna asetanilid yana lalata jinin masu shansa. Aka tura shi wajen Bernard Brodie don neman shawara, shawarar ta zama aiki. Su biyun suka gano cewa jiki yana juya maganin zuwa abu biyu, ɗaya shi ke ɓata jini, ɗayan shi ke kashe ciwon. A 1948 suka ba da shawarar a riƙa ba mutane na biyun kai tsaye. Shi ne farasitamol ɗin da ke kowane kemis a Wudil a yau.

Duk da wannan, Axelrod bai wuce matsayin mataimaki ba, don ba shi da digiri na uku. Sai da ya kai shekara 42 ya ɗauki hutun shekara guda ya kammala shi a Jami'ar George Washington, a 1955. Daga nan cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta ɗauke shi, alhali bai taɓa karanta ƙwaƙwalwa a aji ba. Abin da ya iya shi ne bin sawun sinadari a cikin jiki: ina ya shiga, me ya koma, ina ya ƙare. Da wannan tambayar ya tunkari noradirenalin, wani sinadarin saƙo na jijiyoyi. Kowa ya ɗauka shi ma almakashi ke datse shi kamar asetilkolin. Axelrod ya gano enzayim ɗin a 1957, amma sai ya ga ko an toshe shi saƙon yana yankewa. To ina sinadarin ke tafiya? Ya yi amfani da noradirenalin da aka yi wa alama da tiritiyom, wani nau'in haidurojin mai fitar da tururin da na'ura ke iya ganowa, ya bi shi. Zuwa 1961 shi da Georg Hertting sun nuna cewa jijiyar da ta feso shi ita ke sake zuƙe abinta ta adana. Hodar ibilis wannan zuƙewar take toshewa. Magungunan ciwon damuwa irin su Prozac a kan wannan fahimta aka gina su, tiramadol ma wani ɓangare na aikinsa ke nan. A 1970, shekara 15 kacal bayan digirinsa na uku, aka ba shi Nobel tare da Bernard Katz da Ulf von Euler.

Ni a ganina abin lura a labarinsa ba Nobel ɗin ba ne. Shekarun nan 11 na awon bitamin, waɗanda kowa zai ce ɓata lokaci ne, su suka koya masa ƙirƙiro hanyar auna abu ɗan kaɗan a cikin cakuɗaɗɗen ruwa. Likitocin da ke kewaye da shi sun fi shi sanin sassan ƙwaƙwalwa, amma wannan hannun ba su da shi.

Mu dawo gida, don labarin almakashin nan bai ƙare a Turai ba. A 1936 wani Bajamushe mai suna Gerhard Schrader yana neman maganin ƙwari ya faɗa kan wasu sinadarai masu fosfaras da ke riƙe almakashin asetilkolin, riƙon da ya fi na waken Kalaba tsanani, don su ba sa saki da wuri. Daga wannan dangin aka samu iskar guba ta yaƙi, daga shi kuma aka samu magungunan feshi da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne dikulobos, wanda ke cikin Sniper, kuma shi aka fi samu a fiya-fiyar da ake sayarwa a 'yan kwalabe a tasha da kasuwa. Ana fesa shi a ɗaki saboda sauro da kuɗin cizo, wasu kuma suna zuba shi a buhun wake don kada ya yi ƙwari. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa. Manomin rani da ke feshi a bakin kogin Wudil ba takunkumi ba safar hannu, ya koma gida da ciwon kai da gumi da yawan yawu da tsukakken ido, wani ɗan yanki ne na abin da wanda aka ba esere ya ji.

Kuma ana iya auna wannan. A 1961 George Ellman da abokan aikinsa suka wallafa wata hanya da har yau ita ake bi a duniya. Ana ɗaukar ɗan jini, a zuba masa wani sinadari mai kama da asetilkolin wanda aka saka wa salfa, tare da wani mahaɗi da ake kira da sunan Ellman ɗin. Duk lokacin da almakashin ya datse guda, ruwan yana ƙara zama rawaya. Sai a sa a na'urar auna launi da haske, a saita ta a nanomita 412, a ga saurin da rawayar ke ƙaruwa. In tana tafiyar hawainiya, an san wani abu ya riƙe enzayim ɗin. Na'urar nan sifektirofotomita ce, wadda ɗalibin kemistiri ya saba da ita tun kafin ya kai aji uku. Wanda ya auna jinin masu feshi kafin shuka da bayan girbi, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar mutanen, binciken jijiyoyi ya yi, ko da takardar shaidarsa kemistiri ta ce.

Ga kuma zaƙami, wanda ba sai an gabatar wa mutumin Kano da shi ba. Sinadaran da ke cikinsa, dangin atirofin, kishiyar aikin esere suke yi: suna toshe wurin da asetilkolin ke sauka, shi ya sa wanda ya sha bakinsa ke bushewa, idonsa ya buɗe wangwam, ya riƙa sambatu. Fraser ɗin nan na Edinbura ya nuna tun wajen 1870 cewa su biyun suna karya juna. Har yau a asibiti atirofin ake ba wanda fiya-fiya ta kama, fisostigimin kuma yana cikin abin da ake ba wanda irin zaƙami ya bugar. (Don Allah kada wani ya ji wannan ya ce zai yi maganin fiya-fiya da zaƙami a gida. Tsakanin magani da ajali a nan, awo ne na miligiram.) Ko magungunan ciwon mantuwa na tsofaffi, ɗaya daga cikinsu, ribastigimin, a kan siffar fisostigimin aka ƙera shi.

Wani misalin da ke nuna inda ake buƙatar mai kemistiri ya faru a maƙwabta. A 2013 wasu masu bincike ƙarƙashin Michel De Waard suka sanar cewa sun samu tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, wato itacen da kansa yake yin maganin da aka ƙirƙira a Jamus. Labarin ya zaga duniya. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Michael Spiteller ta Dortmund ta samu tiramadol ɗin a ƙasa, da ruwa, da saiwar wasu itatuwan daban, tare da ragowar da sai jikin dabba ke fitarwa. Bayaninsu shi ne manoman yankin suna ba shanun huɗa ƙwayar don kada su gaji, shanun kuma suna fitsari a gindin itace. Masu binciken farko ba su yarda nan take ba, sai a 2016 aka auna kabon-14 na samfuran da aka ɗebo aka ga alamar man fetur ce, ba ta tsiro ba. Mai zaune a garin da ke da kasuwar kara irin ta Wudil ba ya rasa tambayar da zai ɗauko daga wannan labari.

Binciken ƙwaƙwalwa a Najeriya ma tun farkonsa da awon sinadari a ciki. Benjamin Osuntokun na Ibadan, a shekarun 1960, ya danganta wani ciwon jijiya mai sa tangaɗi da raunin gani da sayanayid ɗin rogon da ba a sarrafa da kyau ba, hujjarsa kuwa har da awon tayosayanet a jinin marasa lafiya. A 2010, da yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, da yawansu bayan jijjiga, awon dalma a jini da ƙasa ne ya nuna mai laifin. Sannan a 2021 Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe da ke Jami'ar Sussex, da abokan aikinsa suka tantance maƙalu sama da 5,000 na kimiyyar ƙwaƙwalwa da aka yi a Afirka daga 1996 zuwa 2017. Najeriya ce ta uku, bayan Masar da Afirka ta Kudu. Wani kaso mai yawa na aikin namu gwajin itatuwan magani ne a kan ɓeraye. Matsalar da duk mai karanta irin waɗannan maƙalu zai gani ita ce, sau da yawa ana tsayawa ne a cewa jiƙon ganye kaza ya rage farfaɗiya a ɓera. Wane sinadari ne a ciki, yaya siffarsa, a ina yake kamawa? Matakin da Jobst da Hesse suka taka a 1864 ke nan, kuma shi ne ake yawan bari.

Ba wai hanyar shimfiɗaɗɗiya ba ce. Mai kemistiri zai zo bai san sassan ƙwaƙwalwa ba, bai saba da dabba mai rai ba, wadda ba kamar ruwan kwalba ba, yau ta ba ka wannan amsa gobe waccan. Dole ya koyi lissafin ƙididdiga da gaske. A jami'o'inmu kuma binciken jijiyoyi yana warwatse ne a sassan anatomi, fisiyoloji, ilimin magunguna da bayokemistiri, don haka galibi ta ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ake shiga a digiri na biyu, wani lokaci bayan an yi difloma ta share fage. Ga batun wuta, wanda ke iya lalata samfurin wata shida a dare ɗaya.

Amma ƙofofin sun fi na da yawa. Ƙungiyar TReND in Africa, wadda Lucia Prieto-Godino da Tom Baden da ɗan Najeriya Sadiq Yusuf suka kafa, ta fara kwasa-kwasanta a Ishaka ta Yuganda a 2011, tana koyar da binciken jijiyoyi da ƙudan 'ya'yan itace, wanda ciyar da shi bai kai kuɗin ɓera ba. Ƙungiyar IBRO ta duniya tana shirya gajerun makarantu a Afirka tana kuma ɗaukar nauyin ɗalibai, akwai kuma ƙungiyar masu binciken jijiyoyi ta Najeriya da ke taro duk shekara. A 2021 Maina ya jagoranci buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, da manyan madubai na zamani, inda ake horar da matasa kan nazarin ƙwayoyin halitta da ciwon mantuwa. Cibiyar a Damaturu take, kuma titin da ya ratsa gadar Wudil ya bi ta Fataskum shi ne yake kaiwa can.